Ɗinkin da Gwaggo Ta Zo Gani

Da sunan Allah nake buɗe duk abin da zan rubuta, tun mahaifinmu yana riƙe min hannu a kan allo. Wannan ma ba zan raba shi da 'yan'uwansa ba, ko da yake zancen mara ne da dangin miji.

Ƙanwata ta yi aure a Guri, a wani babban gida na masu noman shinkafa. Mu mutanen cikin garin Haɗeja ne, don haka tun ranar da aka kai ta suka sa mata 'yar birni, sunan kuma bai sake ta ba har ta haifi 'ya'ya biyu. Aikin matan gidan shi ne gumi. Su jiƙa shinkafa, su turara ta a manyan durom, su shanya, su kai inji. Aiki ne na ƙugu da baya, ƙanwata kuma ba ta taɓa gudunsa ba, sai in wata ya zagayo mata.

In ya zagayo, ba ta mutuntaka. Ciwon mara ne irin wanda ke naɗe mace kamar tabarma. Ta yi amai, ta yi zufa, wani lokacin ko ruwan sha sai an ɗago mata kai. Tana da wani dutse sulɓaɓɓe da ta tsinto a bakin kogi, girmansa bai fi tafin hannu biyu ba. Takan sa shi a bakin murhu ya yi zafi, ta naɗe da tsumma, ta danna a mararta ta kwanta a kansa. Ni kuma nakan yi mata rubutu ta sha, in yi mata addu'a, ban kuma daina ba har yau, domin Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani, ba a kuma gaya mana ta hannun wa zai biyo ba.

A gidan akwai Gwaggo, yayar mahaifin mijinta. Ita ce alƙaliyar ciwo ta gidan, har ma da unguwar. Ba karatun asibiti ta yi ba. Matsayinta ta same shi ne ta hanyar wuƙa. Shekarun baya an taɓa cire mata ƙari a ciki, aka bar mata ɗinki tun daga cibiya har ƙasa, mai kauri da tudu kamar jingar da ta tare mana ruwa a Haɗeja. Wannan ɗinkin shi ne rawaninta. Ba a yin zaman suna ko na biki a watse ba ta sassauta zani ta nuna wa mata shi ba. Abin da aka cire mata kuwa, a farkon jina da labarin kamar goruba yake. Da na ƙara ji ya kai ƙwarya. A bikin ƙarshe da muka haɗu ya zama kabewa, har sai da nas biyu suka kama kafin a fitar da shi. Na lura abin ya fi girma a waje fiye da yadda ya yi a ciki.

A wajen Gwaggo ciwo iri biyu ne, wanda ake gani da wanda ake faɗa. Na ƙanwata na faɗa ne.

“Wace mace ce ba ta jini?” in ji ta. “Mu da muka yi namu a tsakiyar fadama, ruwa iya gwiwa, sauro na cin mu? Ita ciwonta malami ne, ya san lissafin wata. Bai taɓa kuskure ranar da aka ɗora durom ba.”

Sauran matan su yi dariya, wasu don ta ba su dariya, wasu don kada gobe a juyo kansu. A haka sunan 'yar birni ya sami ƙari, ya zama 'yar birni mai son jiki. Wannan sunan ya fi ciwon cin ƙanwata. Ciwon yana zuwa ya tafi. Sunan kuwa da shi take kwana, da shi take tashi, har 'yarta ta fara jinsa a bakin yara.

Mijinta mutumin kirki ne, amma irin kirkin nan na mai gudun magana. In an ce ruwa ya ci gona, ya ce to. In an ce matarka ƙarya take, ya ce to, Allah ya sawwaƙe. Amma dai shi ya kai ta asibiti nan Haɗeja, aka yi ta hoton ciki ba a ga wani abin kirki ba, Gwaggo ta ce ai ko na'ura ta gaji da 'yar birni. Daga baya aka tura su wani babban asibiti a Kano, aka ce in bi su a matsayin mai jinya.

Likitar mace ce, ba ta da yawan shekaru, ba ta kuma da yawan magana. Da ƙanwata ta kwanta ta yaye zani, sai na ga likitar ta tsaya. Fatar marar ƙanwata duk ta yi baƙi-baƙi, dabbare-dabbare, kamar gindin tukunya. Ni kaina ban taɓa ganin wurin da hasken rana ba.

“Baiwar Allah, tun yaushe kike gasa kanki?” ta tambaye ta.

Ƙanwata ta juyo ta dube ni. Ni na ba da labarin dutsen.

Likitar ta ce tana zaton wani abu, amma hoto ba ya cika nuna shi, sai an leƙa da ido. Ta ce akwai shimfiɗar da ke cikin mahaifa, wadda ke zubewa duk wata. A wasu matan irin wannan naman yakan tsiro a inda ba wurinsa ba, a bayan mahaifa, a jikin kayan ciki, shi ma ya riƙa yin jini duk wata ba hanyar fita, har ya manne wannan da wancan. Da ta ji daga inda muke, sai ta ce mu ɗauka kamar kacalla ce. Ba sai ta ƙara ba. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san yadda ciyawar nan ke cinye hanyar ruwa, ta toshe nan, ta tura ambaliya can.

Ta ce za a yi mata aiki, a leƙa, in an ga abin a cire shi a lokaci guda.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba, mace an ce za a yi mata tiyata fuskarta ta washe. Ƙanwata ta tashi zaune ta ce, “Likita, in za ki tsaga, ki tsaga da kyau. Kada ki ji tausayina.”

Likitar ta yi murmushi. Ta ce ba tsagawa za a yi ba. Za a ba ta maganin barci, a yi 'yar huda a cibiya, a hura mata iska a ciki don a sami sarari, a zura wani siririn ƙarfe mai fitila da ido a bakinsa, a riƙa kallon cikin a allon talabijin. Sai a ƙara huda biyu a gefe, ta nan kayan aikin za su shiga. Ta yi bayanin nan dalla-dalla, ni na ji, amma ƙanwata kalma ɗaya ta kama, tiyata. Da muka fito take ce min, “Yaya, wannan karon za su gani da idonsu.”

Labari ya isa Guri kafin mu isa masauki. Gidan ya tashi tsaye, domin tiyata ba ciwon faɗa ba ce. Gwaggo da kanta ta karɓi ragamar shiri, tunda ita ce ta san hanya. Aka aiko mana da tabarmi, da risho, da tukwane, da shinkafa, da bandar tarwaɗa, da butoci, kai ka ce ƙaura za mu yi. Ta aiko da saƙo cewa kada in bari mai jiki ta yi tari, kada ta yi dariya, kada ta yi atishawa, don ita da ta yi atishawa sai da zare biyu suka tsinke. Ta kuma ce in tabbata an nuna min abin da aka cire a cikin kwano, in duba shi da kyau. Haka al'adar take. Wanzami ma in ya cire beli sai ya nuna, in ya yi ƙaho sai ya juye jinin a gabanka. Wanda ya taɓa jikinka bai nuna maka abin da ya fitar ba, to bai yi komai ba.

Aka shiga da ita da safe. Ina zaune a baranda ina jan carbi, ban gama abin da na ɗauka ba aka fito da ita. Likitar ta ce zatonta ya tabbata. Ta ce an sami naman a wurare da yawa, an ƙone wasu an yanke wasu, an raba abin da ya manne, an kuma aika da ɗan abin da aka cire ɗakin gwaji. Ta ce abin yakan iya dawowa, don haka ga magani, ga ranar dawowa, kuma kada ta ɗauki abu mai nauyi sai bayan 'yan makonni. Na tambayi kwanon. Ta ce babu kwano.

Da ƙanwata ta farfaɗo, abu na farko da hannunta ya nema shi ne cikinta. Ta shafa sama, ta shafa ƙasa. Ta ɗaga riga ta leƙa. Filasta uku ne ƙanana, ɗaya a cibiya biyu a ƙasa, sun zauna kamar ɗigon da muke ɗora wa harafin shinun a allo. Ta daɗe tana kallonsu.

“Yaya, ba a yi ba?”

“An yi, an gama. Ki gode wa Allah.”

“Alhamdu lillahi,” ta ce, da muryar wanda aka ba shi sadakar da ba ita ya roƙa ba.

Washegari tana takawa da ƙafarta, ta sha kunu, likita ta ce za mu iya tafiya gida. Mijin ya kira Guri ya ce kada kowa ya zo, an sallame mu. Gwaggo ta ji saƙon, ta kuma fassara wa gidan shi. Ta ce yaron nan kara ce da shi, ba ya son a wahala. Wane mai mara lafiya ne ba ya cewa kada a zo? Ana cewa, ana kuma zuwa, wanda bai zo ba a riƙe shi a zuci har kabari. Batun sallama kuwa ta ce ruɗewa ce, ita da aka yi mata sai da wata ya mutu wani ya tsaya tana gadon asibiti. Nan take suka cika bas da mata, da kuloli na farfesun kifi, da fura, suka nufi Kano. Ina jin mun yi saɓani da su a hanya, mu muna gangarowa su suna hawa.

Abin da ya faru a asibitin daga bakinsu na ji. Sun shiga ɗakin a jere, Gwaggo a gaba, suka tarar da gadon ba kowa, an yaye zanin, an naɗe katifa. A iya saninsu, gadon wadda aka yanka jiya abu ɗaya ne ke sa a naɗe masa katifa. Aka ɗauki salati. Wata ta zube a ƙasa. Gwaggo ta dafa bango tana cewa yarinyar kirki, yarinya mai haƙuri, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ashe ciwon ajali take ɗauke da shi muna gani. Wannan yabon ya kai tsawon lokacin da nas ta ɗauka kafin ta ƙaraso daga ƙarshen ɗakin. Ta ce musu su yi wa marasa lafiya shiru, matar da suke nema ta tafi gida da ƙafarta, har ta taya yayarta ɗaukar buta.

Na sha tunanin wannan. A duk zaman ƙanwata a gidan nan, sau ɗaya aka gaskata ta, shi ma ba ta wurin, kuma sai da aka ɗauka ta mutu.

Bayan la'asar bas ɗin ta tsaya a ƙofar gidana a Haɗeja, don a nan muka sauka. Suka shigo da ƙura a ƙafa da farfesu mai sanyi. Aka yi sannu da jiki a gajarce. Gwaggo ta zauna a bakin gado, ta ce, “To, Malama, ina abin da aka cire?”

Na ce an kai ɗakin gwaji, ɗan kaɗan ne.

“Ɗan kaɗan.” Ta juya ga ƙanwata. “'Yar birni, buɗe mu ga ɗinkin.”

Ƙanwata ta dube ni, sannan ta ɗaga riga. Matan suka matso, kawuna suka haɗu. Ga baƙin tabon dutse nan shimfiɗe a mararta, faɗinsa ya fi ɗinkin Gwaggo sau nawa, wanda likita ta karanta da kallo ɗaya. Ba wadda ta tambaye shi. Ɗinki suka zo gani.

Gwaggo ta sa yatsa ta ɗaga bakin filasta ɗaya, ta leƙa, ta mayar.

“Sauron Guri ya fi wannan aiki,” ta ce.

Aka yi dariya. Ta tambayi ƙanwata ina ke mata ciwo yanzu. Ƙanwata, da yake ba ta iya ƙarya ba, ta ce kafaɗa. Gaskiya ne kuwa, likita ta riga ta gaya mana iskar da aka hura takan sa ciwon kafaɗa na ɗan lokaci. Na fara bayani, amma wa zai saurari iska?

“Aiki a ciki, ciwo a kafaɗa,” in ji Gwaggo. “Gobe in an yi mata kitso sai ta ce ƙafa.”

Sai ta miƙe, ta sassauta zani, ta fito da nata. Matan da suka gan shi sau ɗari suka sake cewa kai, sannu Gwaggo, sannu da ƙoƙari. A ɗakina, a kan gadon mai jiki, dubiyar ta koma kan wadda ta warke tun kafin a haifi wasunsu. Har farfesun ita aka fara zuba wa.

Da suka tafi ƙanwata ta juya fuskarta bango ta yi kuka. Shekarun nan duka na ga ta yi amai, na ga ta cije zani, ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar da aka raba ta da ciwon.

Mijin ya zo da shawara, irin ta masu gudun magana. Ya ce ta zauna a wurina ta yi arba'in kamar mai jego, ta ɗaure ciki da zani, in 'yan dubiya sun zo ta kwanta ta riƙa nishi, a hankali za a ce ai aikin na ciki ne. Na ce masa hutun da likita ta ce dole ne, za ta yi shi, amma nishin haya ba da ni ba. Ƙanwata dai ta gwada. Wasu mata suka zo daga Guri, ta kwanta ta ja mayafi, ta yi wani sauti kamar akuya ta haɗiyi leda. Ɗaya daga cikinsu ta tambaya ko shaƙewa ta yi. Wadda ta shekara da shekaru tana haɗiye nishin gaske, ina za ta iya na ƙarya? Ba ta sake ba.

Sai wata ya zagayo. Ta san ranar, ni ma na sani. Tun safe ta fito da dutsenta daga jaka, don har Kano ta je da shi, ta ajiye a bakin murhu. Ta zauna a tabarma tana jira, kamar mai jiran baƙon da ba ta so amma ta san ba ya fashi. Azahar ta yi. La'asar ta yi. Ta ce tana jin ɗan murɗa, irin wanda kowace mace ta sani. Ta tashi ta share min tsakar gida, ta dawo ta zauna, ta sake tashi ta tsince min wake. Dutsen ya yi zafi ya huce ba wanda ya taɓa shi. Da magariba na ji tana dariya ita kaɗai a bayan ɗaki, ba ta son in ji.

Da muka koma wajen likita ta ce komai ya yi kyau, ta koma harkarta. Lokacin an shiga yankan shinkafa, ruwa ya ja baya, hanyar Guri ta bushe. Na raka ta. A mota ta ce, “Yaya, kin san in na cika durom ɗin nan, shi ke nan, Gwaggo ta ci.”

Na ce na sani.

“In kuma na kwanta, na zama abin da suke faɗa.”

Na ce wannan ma na sani. Na ce mata shaidar da take nema tana wurin Wanda ba ya buƙatar a ɗaga masa riga. Ta ce haka ne, amma Shi ba a tsakar gidansu yake zaman gumi ba. Na ce ta yi istigfari, ta yi, muna dariya.

Mun tarar da gidan cike da hayaƙi, an jera durom, shinkafa shanye ko'ina har ba wurin taka ƙafa. Gwaggo na kan kujerarta a inuwa tana ba da umarni. Aka yi mana sannu da zuwa. Wata ta shimfiɗa wa ƙanwata tabarma a gefe, da irin ladabin da ya fi zagi, ta ce mai tiyata ta huta.

Ƙanwata ta shiga ɗaki ta ajiye mayafi, ta fito ta ci ɗamara. Ta nufi inda aka jiƙa shinkafa, ta cika babban baho, ta ɗaga shi ita kaɗai ta juye a durom. Ta koma ta sake cikawa. Matan suka bi ta da kallo.

“Ban faɗa muku ba?” in ji Gwaggo, tana duban matan ɗaya bayan ɗaya. “Wadda aka yanka ta ɗaga wannan? Dama can lafiyarta ƙalau. Kano kawai take son gani.”

Na buɗe baki, ƙanwata ta girgiza min kai.

“Gwaggo, ja kujerarki baya kaɗan,” ta ce, “hayaƙi zai shiga miki ido.”

Durom ɗin da ta cika ya ɗan karkace, don ɗaya daga cikin duwatsun murhun ya nutse a toka. Ta duba hagu ta duba dama ba ta ga abin tokarawa ba. Sai ta shiga ɗaki ta fito da dutsenta na bakin kogi, ta durƙusa ta cusa shi a ƙarƙashi, ta girgiza durom ɗin ta ji ya zauna, ta ƙara itace.

Har yau a Guri sunanta bai canza ba, kabewar Gwaggo kuma na ji ta kai tulu. Da na je bara na ga dutsen yana nan a murhun, ya yi baƙi ƙirin.